Inna Luba Mai Gora Uku

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau biyu ina dama tawada ina barinta ta bushe a kurtu. Karatuna na allo ne, shi ma ban yi nisa ba aka cire ni, kuma ni irin matan nan ce da ko sallamar baƙo na ji sai in shige ɗaki. Ga kuma babban dalili: ba yadda zan faɗi aikin Inna Luba ban tona kaina ba, don ina cikin waɗanda suka ba ta wahala. Amma makon jiya aka ce ta ajiye aiki, gwiwa ta ƙi, na kuwa zuba ido ban ga wanda ya tashi ya ce mata sannu ba. To ni Wasila, matar Sabiru, ta nan Gusau, ga abin da na gani, ga kuma abin da waɗanda suka gani suka faɗa mini. A karanta wa matan unguwa. In da hali a karanta tana zaune.

Shekara goma ke nan, tun shekarar annobar marisuwa, da wuya rana ta fito ta iske Inna Luba a gida. Tana sallame asuba take naɗe gwiwa da tsumma, ta ɗaura 'yan gorunanta a ƙugu, ta sa dawo ɗaya na fura a ƙoƙo, ta ɗauki sanda. A ƙofar gari take iske Malam Mas'udu bisa jakinsa, da gafaka cike da takardu. Shi ne malamin ƙirga. Duk mai son sanin yawan wani abu a ƙasar nan ta hannun hakimi yake biyowa, hakimi ya aiki Malam. Masu sayen auduga sun so su san mata nawa ke kaɗi, an aike shi. Masu shimfiɗa hanyar jirgi sun so su san rijiya nawa ke kai rani da ruwa, an aike shi. Da Baturen likita ya so ya san yara nawa ake haifa, nawa ke komawa, shi ɗin dai aka aika.

Sai dai Malam namiji ne, iyakarsa zaure. Rijiya kuwa cikin gida take, mazari cikin gida yake, yara ma haka. Saboda haka rabin aikin, kai, fiye da rabi, a ƙafar Inna Luba yake. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Takardarta gora ce, a da guda biyu. In yara ake ƙirgawa, mai rai ta jefa masa farin wake a gora ɗaya, wanda ya koma ta jefa masa tsakuwa a ɗayar. Da la'asar sakaliya su zauna gindin itace, ta juye a faifai, tana warewa tana cewa wannan na gidan wane ne, wannan na gidan wane, Malam yana rubutawa. Ya sha faɗin bai taɓa kama ta da ɓatan wake ɗaya ba. A takardar da ake aikawa kuwa sunansa kaɗai ke tafiya.

Ku da za a karanta wa kun san yadda muke da ƙirga, amma zan faɗa don na baya. Ba ma son sa. Maza na cewa in an ƙirga su aikin dogo, wato hanyar jirgi, za a kwashe su. Mu mata namu tsoron ya fi wannan, don tun muna yara ake ce mana ba a ƙirga ɗiya, wanda ya ƙirga ya nuna wa mutuwa. Ga kuma Inna Luba da kamarta: gajeriya, fuska duk zanzana, ido ɗaya fari fat, abin da agana ta bar mata tun tana ƙarama. In aka ji bugun sandarta a lungu, da kacau-kacau ɗin goruna, sai ka ga uwa ta suri ɗa ta cusa a rumbu. Wasu har cewa suke duk garin da ta shiga ciwo na biye da ita. Ba su lura ba ciwon ne ke riga ta, ita a bayansa ake aika ta. In ta fita daga gida akan ɗauki tsintsiya a share sawunta har bakin zaure. Ni ma na share. Shekara biyu da suka wuce ta zo ƙirgan masu kaɗi, ko zaure ba ta gama fita ba na hau shara.

Ranin bara agana ta sauka Bilbis. A lokacin ko sunanta ba ma kira, sai mu ce 'yan rani sun zo. Shafa'atu, 'yar ƙanen babana da ke aure can, ita ta ba ni wannan labari. Ta ce kasuwa ta mutu, luguden safe ya ɗauke, duk gidan da ciwon ya shiga a jawo ƙaya a toshe zaure. Aka aiko Malam da Inna su gano gida nawa ya kamu. Malam ya tsaya gindin tsamiya nesa da gari, ya ja rawani ya rufe hanci.

Ya ce, "Inna, ko mu aika a kira mai gari? Shi faɗa muna daga nan, mu rubuta mu koma."

Ta ce, "Mai gari ya shiga ɗakunan?"

"Wa zai shiga?"

"To mi za shi faɗa maka? Zauna nan ka riƙe jakinka. Ni ta gama da ni tun ina yarinya. Ta ci fuska, ta ci ido. In ta gan ni ma ita za ta ji kunya."

Ta sa sanda tana janye ƙaya tana shiga. Shafa'atu ta ce a maƙwabtansu akwai gidan da uwa da yara uku ke kwance, kwana biyu ba wanda ya miƙa musu ruwa, ana jin nishinsu ta bayan danga ana kasa zuwa. Inna Luba ta ajiye goruna ta ɗauki guga. Sai da ta cika randa, ta dama kunu, ta ba su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ƙirga. Kwana shida ta yi a Bilbis a haka. Ranar da za su dawo gwiwar dama ta kumbura kamar tulu, a bisa jakin Malam aka kawo ta, shi yana ƙasa. Ta kwanta mako uku.

Cikin makonnin nan uku abin ya faru.

Takardar Bilbis ta isa inda aka aika ta, sai likita ya ce za a yi wa yara lamba. Yanzu kowa ya ga yadda ake yi: a ɗan karce damtse, a shafa ruwan magani, wurin ya yi ƙurji ya warke, agana ta tsallake yaro. Amma maganin daga nesa yake zuwa cikin 'yan kwalabe, zafi kuwa kashe shi yake, ba a ajiye shi. Don haka daidai yawan yaran da aka rubuta ake aikowa, kowane gari rana ɗaya tak, mai lamba ya wuce gaba ba ya waiwaye. Aka ce a fara da Tsafe da Bungudu, Gusau da yake tana da girma a bar ta ƙarshe. Abu na gaggawa, Inna na kwance. Malam ya tafi shi kaɗai, ya bi zaure zaure yana tambayar masu gida. Mutane sun ji labarin Bilbis, wannan karon ba su ɓoye ba, kowa ya faɗi nasa. Aka aiko magani, aka yi lamba a garuruwan biyu, kowa ya ce an gama.

Da ta iya taka ƙafa, aka ɗora ta a jaki zuwa Tsafe don ta ƙirgo waɗanda suka rasu bayan lamba. Ta yini tana shiga gidaje. Da la'asar ta zo gindin itace ta juye tsakuwa a faifai. Abin da ya biyo baya matar Malam ce ta faɗa mini, shi da bakinsa ya faɗa mata.

Tsakuwa tara ce. Inna ta sa yatsa ta ja biyu gefe, ta bar bakwai.

Ta ce, "Malam, ɗiyanka nawa?"

"Haba Inna, wace irin tambaya ce wannan?"

"Irin wadda kake yi wa mutane. Nawa?"

Ya yi 'yar dariya ya ce huɗu.

"Umaru fa?"

Malam ya sunkuyar da kai. Umaru ɗansa ne na fari. Ya ce, "Wannan ai... shina wajen kakarsa."

"To ka gani. Kai da ke riƙe da alƙalami ka tsallake naka. Bakwai ɗin nan duk 'yan fari ne, duk a riƙo suke. Ka je zauren uban, kunya ta hana shi ambaton ɗan. Ka je zauren kakan, ya ce ba nashi ba ne, an ƙirga shi gidan ubansa. Gida biyu gare su, ba ɗaya da ya faɗe su. Ranar lamba anka kira na takarda, su suna tsakar gida suna wasa."

Matar Malam ta ce nan take ya ajiye alƙalami. Ya ce, "Bungudu ma haka na yi." Inna ba ta zage shi ba. Cewa ta yi laifin gwiwarta ne, da ba ta kwanta ba. Ta tattara tsakuwarta ta ce ƙirgan Gusau ba za a yi shi a zaure ba, ko da rarrafe sai ta shiga kowane gida. A hanyar dawowa ta tsaya ƙarƙashin magarya ta cika haɓar zane da ƙwallo, ta samo gora ta uku. Wannan ta 'yan riƙo ce.

Ke ce, Inna, kika gane abin da masu karatu ba su gane ba. Ba wanda ya yi ƙarya a Tsafe. Kowa ladabin da aka koya masa ya yi, ladabin ya ci yara bakwai. Ke kika zauna da tsakuwa a faifai har ta faɗa miki.

Ta kuma san ko ta shiga gida uwa ba za ta ambaci ɗan fari ba, sai ta sake tambaya gaba ɗaya. Ta daina cewa yara nawa. Na ji ta da kunnena ta kan katanga, a gidan maƙwabciyata Halima, mace mai jiki mai baki.

"Halima, ke da wannan ƙiba, sau nawa anka dafa ki?"

Wankan jego take nufi. Wace mace ce ba ta son ba da labarin wankan jegonta? Halima ta kece da dariya.

"Sau shida, Inna! Na ƙarshen nan ungozoma ta so kashe ni, har fatar baya ta saɓule. Kunun kanwa kuwa ko warinsa ba na so in ji."

"Shida. Ga shi kuwa huɗu nake gani suna cinye miki tuwo."

Dariyar Halima ta tsaya. Can ta ce, "Ɗaya ya koma." Na ji ƙarar tsakuwa a gora.

"Ɗayan fa? Ba sai kin faɗi suna ba. Nuna mini da baki."

Halima ta ce, ƙasa ƙasa, "Shina ƙauyen Magami."

"Madalla. Ga magaryarsa. A gaya wa ubansa shi ɗauko shi kafin ranar lamba."

Haka ta bi Gusau lungu lungu, kwana goma sha biyu, tana jan ƙafa. Inda uba ya noƙe, ita da kanta take hawa jaki ta je ƙauye ta karɓo yaro, ta ce da kakanni ita ce marar kunyar, a zage ta a bar iyayen. A kwana na goma jakin ma ta kasa hawa.

Gidanmu ne na ƙarshe a lungunmu, kuma ranar ce ta ƙarshen ƙirga, da la'asar takarda za ta tafi. Maigidana yana wajen aikin dogo tun kaka. Daga ni sai jaririna. Ina jin ta ta fito daga gidan Halima na shige ɗaki na saki asabari.

Dole in faɗi abin da nake ɓoyewa. Ina da 'yar fari. Shekararta biyar a lokacin. Tun da aka yaye ta uwar mijina, Inna Adama, ta ɗauke ta zuwa Bungudu. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In na je gaisuwa ta rugo ta kama zanena sai in kau da kai, a ce kai, yarinyar nan akwai kunya, ni kuwa in dawo Gusau in kasa cin abinci kwana biyu. Ban da kunya akwai wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. A raina gani nake muddin ba wanda ya ƙirga ta, muddin ko ni ban ambace ta ba, mutuwa ba ta san da ita ba. Da na ji ana cewa ba a yi wa 'yan riƙo lamba ba a Bungudu, har wani sanyi na ji, wai ta tsira daga takarda.

Inna Luba ta yi sallama sau biyu, ta zauna bisa turmi, na ji nishin da ta yi kafin ta kai zaune.

"Wasila, fito. Ki taho da tsintsiyarki kusa, kada ki sha wahalar nema in na tashi."

Ashe ta gani, tun wancan karon. Na fito kamar in nutse, na durƙusa na gaishe ta, na kawo ruwa. Ta karɓi jaririn ta yi masa wasa, ta ce hancin ubansa ya kwaso, Allah ya kyauta. Ta jefa masa wake. Sannan ta dube ni da idon nan ɗaya.

"Wanka nawa?"

Na ce, "Biyu."

"Biyu. Ɗayan fa?"

Na sunkuyar da kai ina tonon ƙasa da yatsa. Ta jira. Kaza ta zo ta sha ruwan da na kawo mata, ba wanda ya kore ta.

"Wasila, rana na tahiya, Malam na jira a zaure. Ƙasa ko riƙo?"

Bakina ya ƙi buɗuwa. Wallahi na so, amma gani nake ina furtawa wani abu da ke laɓe bayan katanga zai ji.

Sai ta kwance haɓar zane ta ɗauko tsakuwa guda, baƙa, ta cire murfin gorar matattu.

Ta ce, "Gora uku gare ni. Ba ni da ta huɗu ta wanda uwa ta yi shiru. Wanka biyu, yaro ɗaya, ba a ce mini riƙo ba. To nan za shi shiga."

Ta ɗaga tsakuwar daidai bakin gorar. Ban san sanda na tashi ba. Sai ganina na yi na riƙe wuyan hannunta da hannu biyu, ina cewa, "Tana nan! Tana nan da rai! Bungudu take, wajen kakarta."

Ta bar ni na riƙe ta har na gaji na saki. Amma fuskarta ta sake.

"Bungudu kinka ce?"

"I."

"Wace unguwa?"

Na faɗa mata. Ta mayar da tsakuwar haɓar zane a hankali, ta ɗaure.

"Saurara, ɗiyata, ba zan rufe miki ba. Mai lamba ya wuce Bungudu, ba shi komawa. 'Yan rani kuwa sun shiga unguwar nan da kinka faɗa, shekaranjiya anka rufe yara uku. Jibi hakimi zai sa a tare hanya, ba mai shigowa Gusau daga can. In tana ciki anka tare, sai abin da Allah ya yi."

 Na ce, "Inna, ki je ki karɓo mini ita. Kin yi wa wasu."

Ta janye zane ta nuna mini gwiwar. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, ta yi baƙi, tana sheƙi.

"Da gwiwar nan na lafiya da ba ki roƙa ba. Ina mijinki?"

"Shina wajen dogo."

"To ke ce."

"Ni? Ta yaya zan tsaya gaban uwar mijina in ce ta ba ni... Inna, da wane baki?"

"Da wanda kinka ce Bungudu da shi yanzu. Na ga yana aiki."

Sannan ta yi abin da har in mutu ba zan manta ba. Na zaci ƙwallon magarya za ta ɗauko. Sai ta ɗauko farin wake, ta nuna mini shi sosai, ta jefa a gorar yaran gida.

"Na sa ta cikin na gidan nan. Haka zan faɗa wa Malam, haka za shi rubuta, da rabonta za a aiko magani. Shekara goma ban taɓa ba shi wake na ƙarya ba. Yau na ba shi. Ke kaɗai za ki iya mai da shi gaskiya."

Ta dafa sanda, ta dafa kafaɗata, ta miƙe da ƙyar. Na raka ta har zaure, abin da ban taɓa yi ba.

Inna Luba, mai gora uku, mai shiga inda aka toshe da ƙaya. Ke ce muka ɓoye wa yara, kika dawo washegari kamar ba a yi ba. Ke ce aka kira mai jan ciwo alhali ruwa kike kai wa masu ciwon. Kin san sirrin kowane ɗaki daga Tsafe har Bungudu, wadda ta yi ɓari, wadda ta rufe biyar, wadda ba ta taɓa wanka ba ko sau ɗaya, kuma ba a taɓa jin maganar wata a bakinki a bakin rijiya ba. Takardun da suka tafi garuruwan da ba ki taɓa gani ba, manya suka karanta suka yanke shawara a kansu, daga faifanki suka fito. Ranar lamba a Gusau an yi layi tun daga ƙofar hakimi har kusa da marina, aka yi ta kiran gida gida, magani bai ƙare ya bar yaro ko ɗaya a tsaye ba. Mai lamba da kansa ya tambayi Malam wa ya yi wannan ƙirga. Malam ya nuna ki, kina gefe zaune a ƙasa kin miƙe ƙafa. Na gode, Inna. Allah ya sauƙaƙa miki gwiwa, ya sa abin da kika taka ya zama nauyi a mizaninki, ya ba ki masu kawo miki ruwa kamar yadda kika kai wa wasu.

Ku kuma 'yan uwana mata, gorunan suna rataye a ɗakinta, har yau ba wadda ta je ta ɗauka. Malam ba zai iya wuce zaure ba, kun ga abin da zaure ya jawo. Duk wadda agana ta taɓa kamawa ta tashi, mai ƙafa, mai riƙe magana, ta je ta zauna gabanta ta koya tun tana iya koyarwa. Wadda ba za ta iya ba, in mai gora ta shigo, ta ba ta wurin zama ta faɗi gaskiya. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka rene mu, ban ce a yar ba. Amma ni na ga tsakuwa a bakin gora.

Saura in faɗi abin da na yi washegari, don Inna Luba ta sha tambayata yadda aka yi ina kasa ba ta labari baki da baki.

Ana sallame asuba na miƙa wa Halima jaririn ta kan katanga, don ba zan shiga da shi garin ciwo ba. Mai ba ni izinin fita yana nesa, na ce in ya dawo ya yi mini faɗan. Ban taɓa tafiya ni kaɗai ba ko zuwa kasuwa. Na bi bayan wasu masu jakai, ina nesa da su, in sun tsaya in tsaya. Rana ta take sosai na hango Bungudu. Abin da na fara gani a bakin gari sababbin kaburbura ne, gajeru gajeru, ƙasarsu ba ta bushe ba. Na so in ƙirga, na hana kaina. Cikin gari tsit, sai ƙaya a bakin zauruka. Gidan da ke manne da na surukata ma an toshe.

Nata a buɗe yake. Na shiga. Inna Adama na zaune tana tsince gero, yarinyar na gefenta tana wasa da ɓawon gyaɗa. Fuskarta na fara duba, da wuyanta, da hannuwa. Sumul. Na durƙusa na yi gaisuwa, na sake gaisuwa, na tambayi gajiya, na tambayi awaki. Tsohuwa ta ajiye faifai.

"Wasila, lafiya? Ina yaron? Wa ya rako ki?"

Na dubi ƙasa na ce, "Inna, na zo ɗaukar Hanatu."

Yarinyar ta ɗago kai. Ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba.

Tsohuwa ta ce, "Wa kinka ce?"

"Hanatu."

"Ikon Allah. Ashe kin san sunanta. Kunyar taki ina ta tahi?"

"Tana nan, Inna, ina jin ta har tafin ƙafata. Amma gobe za a tare hanya. Kuma an riga an sa mata wake a Gusau."

Na faɗa mata komai, da 'yan fari bakwai na Tsafe, da tsakuwa, da maganin da za a aiko. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta juya ta daɗe tana kallon katangar maƙwabta. Ta ce kwana huɗu ana jin kukan yaro ta nan, jiya ya ɗauke. Ta tashi ta shiga ɗaki. Na zauna ina jiran ko zagi ko kora. Sai ga ta ta fito da ɗan ƙunshin kayan yarinyar a ka, ta yafa mayafinta, ta riƙe sanda.

"Tashi mu tahi. Ba ni ba ki ita ke kaɗai. Kin san abin da take ci? Kin san abin da ke sa ta kuka?"

Ban sani ba. A hanya ta faɗa mini, ɗaya bayan ɗaya, ba ta son miyar kuka sai ta kuɓewa, tana tsoron raƙumi, ba ta barci sai an riƙe mata kunne. Yarinyar na tafe tsakaninmu. Da ta gaji, tsohuwa ta tsaya ta dube ni ta ce bayanta ya tsufa. Na durƙusa a tsakiyar hanya, masu jakai na wucewa suna kallo, na goya 'yata har Gusau.